Zubin Maganar Turanci Ta Yau Da Kullum

Abin da na ke so mu duba cikin wannan fitowa shi ne ƙa'idodin Turanci, da yadda su ke fitowa a bakin mutane da alƙalaminsu yau da kullum. Dalili kuwa, sau da yawa za ka ga yaro ya haddace ƙa'ida tsaf, in an tambaye shi ma'anar aikatau ya zuba ta kamar ruwa, amma da zarar an ce ya rubuta takardar neman izini mai layi huɗu, sai ka ga ƙa'ida ta yi gabas, alƙalami ya yi yamma. Wannan kuwa ya shafe mu fiye da kowa, gama mu ne za a damƙa wa yaran nan gobe. Kuskuren ɗan kasuwa cikin Turanci a rumfarsa ya ke tsayawa, amma na malami yaran aji duka ke kwafe shi daga allo, su tafi da shi gida, su girma da shi, watakila ma su koya wa na bayansu. Ga shi kuwa ba a shiga jami'a sai mutum ya ci Turanci da kyau a jarrabawar fita sakandare, irin wadda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1952, ke shiryawa. Yaro da yawa mai kaifin hankali ya zauna gida shekara guda ko biyu saboda wannan takarda ɗaya.

Mu da a ke turawa gwajin koyarwa a Gawuna da sauran unguwannin Nassarawa muna tafiya ne bisa tsohuwar hanya. A nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati cikin 1909, gidansa kuwa yana nan tsaye har yau. Da Hausa aka fara koyarwa a makarantar. Daga baya aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewarta cikin 1922, ta kuwa yi suna wajen koyar da Turancin baki. A can ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, shi ne kuwa wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Waɗannan magabata da Hausa suka tashi kamar mu, da allo suka fara kamar mu. Abin da suka iya, ba abin da zai hana mu iya shi.

Mene Ne Zubi?

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Ajurrumiyya, littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu cikin 1323, ya san an raba magana kashi uku, watau isimi da fi'ili da harafi. Ya kuma san cewa sanin rabon bai isa ya sa mutum ya iya Larabci ba, sai ya ji jimloli da yawa sun ratsa kunnensa. Haka Turanci ya ke. Baturen da aka haifa cikin harshen ba ya ɗaukar kalma ɗaya ɗaya ya jera, yana da waɗansu gurabu ne shiryayyu cikin kansa, in zai yi magana sai ya cika su da kalmomin da ya ke bukata. Wannan gurbi shi na ke kira zubi, kamar yadda maƙerin farfaru ke da abin zubi guda, yau ya zuba azurfa, gobe ya zuba tagulla, siffa kuwa ba ta sakewa. Misali, "I want you to come" zubi ne. Cire "come" ka sa "read", cire "you" ka sa "Binta", jimla tana nan daidai. Wanda ya riƙe wannan zubi ba zai ce "I want that you come" ba, ko da ya ke haka Hausa ke jan sa, domin mu cewa mu ke yi ina so ka zo.

Wani malami Bature, A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, ya lura da wannan. Ya tsara ƙamus domin baƙin harshe, aka fara buga shi a Tokyo cikin 1942, sa'an nan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi cikin 1948. A ciki ya kasa aikatau na Turanci cikin zubi 25, ya nuna wa mai karatu zubin da kowane aikatau ke shiga. Ƙamus ɗin nan ne, bayan gyare-gyare masu yawa, ke cikin jakar ɗalibai da yawa har yanzu, amma kaɗan ne ke duba misalan da ke ƙarƙashin kalma. Ma'ana kaɗai su ke ɗauka su rufe, alhali kuwa cikin misalan nan ne amfanin ya ke.

Abu na farko da za mu yi murna da shi, jerin jimlar Turanci da na Hausa ɗaya ne: mai aiki, sa'an nan aiki, sa'an nan wanda aikin ya faɗa wa. Audu ya sayi doki, "Audu bought a horse". Amma kama da wane ba ta wane. Hausa ba ta barin suna ya tsaya shi kaɗai, sai ta biyo shi da ya ko ta ko sun. Turanci kuwa ba ya son haka, shi ya sa yaron da ya rubuta "My father he is a trader" ya yi Hausa ne da kalmomin Turanci. Haka kuma mu muna da kai da ke da ku, su "you" kaɗai gare su. Mu muna cewa rana ta faɗi, wata ya tsaya, su duk abin da ba mutum ba "it" ne, sai fa dabbar da aka saba da ita.

Maganar Lokaci

A nan ne gizo ke saƙa. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana cikin gudana. Turanci kuwa, ban da wannan, yana so ya san yaushe aka yi aikin, kuma ko lokacin ya wuce ya rufe, ko har yanzu yana haɗe da yanzu. Dubi kalmar nan ya zo. In ka ce Malam ya zo jiya, Turancinsa "The teacher came yesterday". In kuwa ka leƙa aji ka ce wa yara su yi shiru Malam ya zo, Turancinsa "The teacher has come". Hausa ɗaya, Turanci biyu. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: muddin ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar jiya ko bara ko shekarar 1960, to, "have" da "has" ba su da wurin zama. Saboda haka "I have seen him yesterday" kuskure ne, daidai shi ne "I saw him yesterday". In ba ka ambaci lokaci ba, kana nufin dai abin ya auku kuma alamarsa tana nan, sai ka ce "I have seen him".

Wannan zubi yana da ƙane wanda ya fi shi wahalar da mu. Mu mu kan ce ina jiranka tun safe, da siffar aikin da ke gudana. In yaro ya bi sawun Hausa sai ya ce "I am waiting since morning". Bature kuwa cewa zai yi "I have been waiting since morning", domin aikin ya faro daga baya ya iso yanzu. A lura kuma da "since" da "for". Na farko yana tafiya da mafarin lokaci, "since Monday", "since 2015". Na biyu yana tafiya da tsawon lokaci, "for three days", "for ten years". Tun ranar Litinin ke nan, da kwana uku ke nan.

Sai kuma ina da yana da tana. Yara sun koya cewa ina karatu shi ne "I am reading", daga nan sai su ɗauka duk inda aka ce ina, sai a sa "am" da wutsiyar nan "-ing". Shi ya sa ka ke jin "I am having a brother" da "I am knowing him". Amma akwai waɗansu aikatau na Turanci da ke nuna hali ko mallaka, kamar "have" da "know" da "like" da "own" da "believe", waɗanda galibi ba su karɓar wannan wutsiya. "I have a brother", "I know him". Abin mamaki, Hausa ma tana da irin wannan ɗabi'a, gama ba mu cewa ina saninsa, sai mu ce na san shi. In ka ji Bature ya ce "I am having", saurara da kyau, za ka ji abin da ya biyo baya abinci ne ko wanka ko taro: "I am having my breakfast". A nan ma'anar ta tashi daga mallaka ta koma aiki.

Abin da mutum ya saba yi kullum, wanda mu ke faɗi da na kan, Turanci yana faɗinsa da aikatau tsirara: "I go to the market on Fridays". Da yawanmu sun ɗauka "used to" shi ne kan, sai su ce "I use to pray at that mosque" suna nufin har yanzu can su ke salla. Ga mai harshen kuwa "I used to pray there" na nufin dā ne, yanzu an daina. Dubi yadda ƙaramin abu zai juya magana ta koma kishiyarta. Kada kuma a manta da harafin "s" da ke bin aikatau in mai aikin mutum ɗaya ne wanda ba ni ba, ba kai ba: "He goes", "Binta sells". Babu kuskuren da ya fi wannan yawa cikin littattafan da mu ke dubawa, babu kuma wanda ya fi shi saurin tona asirin marubuci.

Wajen lokaci mai zuwa, akwai wani abu mai ban sha'awa. Mu mu kan ce za ni kasuwa, watau tafiya, mu kuma ce za ni saya, watau niyya. Turawa ma da kalmar tafiya su ke faɗin niyya: "I am going to buy it". A maganar baki wannan zubi yana da yawa ƙwarai, ko da ya ke littattafan firamare sun fi nanata "shall" da "will". Sa'an nan bayan "when" da "if" ba a sa "will". Ba a cewa "when he will come", sai "when he comes". Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, domin mu ma ba mu cewa in zai zo zan gaya masa, sai in ya zo zan gaya masa.

Ƙananan Kalmomi Masu Babban Aiki

Cikin shekarun 1960 masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tara rubuce-rubucen da aka buga cikin 1961, kimanin kalma miliyan ɗaya, suka ƙidaya. Sai suka tarar kalmar "the" ita ce ta fi kowace yawa, kusan bakwai cikin kowace ɗari. Ashe kalmar da yaranmu suka fi yarwa ita ce wadda masu harshen suka fi furtawa. Mai Larabci ya san alif da lam na ma'arifa, to, aikin "the" ya yi kusa da nasu. A Hausa kuwa dubi bambancin wani yaro da yaron. Wani yaro ya zo, yaron ya kawo takarda: "A boy came. The boy brought a letter". Farkon ambato "a", in an sake komawa kansa "the". Abin da ya sa mu ke tuntuɓe shi ne Hausa ta yarda suna ya tsaya tsirara, na sayi littafi, amma Turanci bai yarda abin da a ke ƙirgawa ya tsaya haka ba in tilo ne. Ba a cewa "I bought book", dole "a book" ko "the book" ko "my book".

Duk da haka akwai inda al'adar harshen ta yar da "the" da gangan. Ɗalibi "goes to school", watau ya tafi karatu. Ubansa kuwa in ya je ganin shugaban makaranta, "goes to the school", watau ginin ya nufa. Haka Turawan Ingila ke cewa "in hospital" ga majinyaci da "in prison" ga ɗan sarƙa. Waɗannan ba a gane su da lissafi, sai da ji da riƙewa.

Akwai kuma sunayen da Turanci ya ɗauka kamar ruwa ko gero, ba a ƙirga su, ba a yi musu jam'i: "advice", "information", "furniture", "luggage", "equipment". Mu muna da shawara da shawarwari, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin rubuta "advices". In kana son guda ɗaya sai ka ce "a piece of advice". Kalmarmu kaya za ta taimaka wajen bayani, gama in matafiyi ya ce kayana, bai faɗi ko ƙunshi nawa ba ne.

Wata matsala ita ce kalma ɗaya ta Hausa da ta rabu gida biyu ko uku a Turanci. Aro ɗaya ne gare mu, mai bayarwa da mai karɓa duk da shi su ke aiki. Su kuwa mai karɓa "borrows", mai bayarwa "lends", don haka ara mini alƙalami shi ne "Lend me your pen". Ji ya fi haka rassa: jin magana "hear", jin wari "smell", jin zafi "feel", jin harshe "understand" ko "speak". Sha kuma, ruwa ne kaɗai da danginsa a ke "drink", magani "take" a ke yi masa, lemo da mangwaro kuwa "eat". Kunna fitila "switch on" ne ko "turn on", gama "on" da "off" su kaɗai ba aikatau ba ne a daidaitaccen Turanci, ko da ya ke kullum muna jin "off the light" a gidajenmu.

Tambaya Da Amsa

Bahaushe in zai yi tambaya, sau da yawa murya kaɗai ya ke ɗagawa: ka ci abinci? Turanci kuwa sai ya juya jerin kalmomi, ko ya kirawo "do" ta taimaka: "Have you eaten?", "Did you see him?", "Where does she live?" In "did" ta shigo, ita ke ɗauke da nauyin lokaci, aikatau ya koma tsirara, don haka ba a cewa "Did you saw him?" Amma in tambayar ta shiga cikin wata jimla, sai jerin ya koma yadda ya ke tun farko: "Where is he?" amma "Tell me where he is".

Ko ba haka ba, wadda mu ke liƙawa a ƙarshen kowace magana, ita ce ta haifi "isn't it?" da a ke ji ko'ina. A Turancin Ingila wutsiyar nan tana sakewa bisa ga jimla: "You are coming, aren't you?", "She came, didn't she?", "They haven't paid, have they?" In jimla ta tabbatar, wutsiya ta kore, in jimla ta kore, wutsiya ta tabbatar.

Ga wanda ya fi duka haɗari. In an ce wa Bahaushe, ba ka sha maganin ba? Sau da yawa zai ce i, yana nufin gaskiyarka, ban sha ba. Watau yana amsa wa mai tambaya ne. Bature kuwa abin da ya auku ya ke amsa wa: in bai sha ba "No, I haven't", in ya sha "Yes, I have", ko yaya aka juya tambayar. To, a ce likita baƙo ya tambayi majinyaci "Haven't you taken the medicine?" shi kuwa ya ce "Yes" yana nufin bai sha ba. Likita zai rubuta ya sha, ya ɗora magani bisa wannan. Haka abin zai kasance gaban alƙali ko wurin neman aiki. Maganin wannan shi ne mu hana yara amsa da kalma ɗaya, mu saba musu da cika amsa: "No, I haven't", "Yes, I did".

Ladabin Magana

Mutane su kan ce Turanci ba shi da ladabi domin ba shi da ranka ya daɗe, ba shi da durƙuso, yaro da dattijo duk "you" ne. Gaskiyar magana ladabinsa cikin zubin jimla ya ke ɓoye. Yaron da ya shiga ofis ya ce "I want my result" bai yi kuskuren nahawu ba, amma a kunnen mai harshen kamar ya buga tebur ne. Abin da a ke so shi ne "May I have my result, please?" ko "Could you help me, sir?" Siffar lokacin da ya wuce, "could" da "would", ita ke tausasa roƙo, ba ta kuwa nufin abin ya wuce. In an ce maka "Would you mind closing the door?" ma'anarsa ko zai dame ka, saboda haka amsar mai yarda ita ce "Not at all".

Sannu ma tana da nata. In mutum ya yi tuntuɓe mu kan ce sannu, da Turanci sai mu ce "Sorry". Baturen Ingila zai iya mamaki ya ce ai ba laifinka ba ne, domin a irin wannan wuri shi "Are you all right?" ya saba ji. Sannu da aiki kuma mun mai da ita "Well done", alhali a can yabo ne da babba ke yi wa wanda ya gama aiki da kyau. Ina zuwa, wadda mai fita ke faɗi, mun mai da ita "I am coming", mai harshen kuwa zai ga mutum yana cewa yana tahowa ga shi yana ba da baya. Nasu shi ne "I'll be back in a minute".

Turancin Allo Da Na Jarida

Wanda ya bi Titin Ahmadu Bello ko Titin Haɗeja da idonsa buɗe zai sami darasi kyauta. Allunan bakin hanya suna da nasu nahawu na taƙaitawa: "No parking", "To let", "Road closed", "Tailor wanted". An zubar da "the" da "is" domin wuri ya yi kaɗan. Cikakkiyar jimla ita ce "The road is closed", an rufe hanya. A lura, wannan an namu shi ne mabuɗin zubin nan da Turawa ke juya jimla su ɓoye mai aiki: an sace keke, "The bicycle was stolen", ana gyaran gada, "The bridge is being repaired". Kanun jarida ma haka su ke. "Governor visits hospital" na nufin ya riga ya ziyarta, ko da ya ke siffar ta yanzu ce, "Governor to visit hospital" kuwa na nufin zai ziyarta. Ya kamata yara su iya karanta irin wannan, su kuma san ba a rubuta insha'i da shi. Aiki mai kyau ga aji shi ne a ce kowa ya kwafo allo biyar a hanyarsa ta zuwa makaranta, a taru a mai da su cikakkun jimloli.

Namu Turancin Fa?

Wani zai ce, to, duk abin da mu ke faɗi a ƙasar nan da ya saɓa wa na Ingila kuskure ne? A'a. Harshe in ya yi ƙaura ya kan ɗauki ƙurar ƙasar da ya sauka, Turancin Amurka ma ya bambanta da na Ingila. Cikin Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "next tomorrow", watau jibi, da "barbing salon", da "Kannywood" ta nan Kano. Wannan ya nuna masana sun yarda namu Turancin yana da gindin zama. Amma a duba da kyau, kalmomi aka karɓa. Ba a ce an yafe "s" ɗin "he goes" ba, ba a kuma halatta "did you saw" ba. Mai duba takardar jarrabawa da mai karanta takardar neman aiki da daidaitaccen nahawu su ke awo. Saboda haka aikinmu shi ne mu ba yaro riga biyu, ta zaman gida da ta fita taro, mu kuma koya masa ranar sa kowace. "Well done" ga mai faskare a ƙofar gida daidai ne, ba mai hana shi. In an zo takarda, sai a sake riga.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi A Aji

Na farko, zubi ɗaya a darasi ɗaya. Rubuta jimla guda a allo, ka ja layuka ka raba ta gida gida, ka sa yara su riƙa sake kalmomin kowane gida har jimla ashirin ta fito daga ɗaya, da baki tukuna kafin alƙalami. Na biyu, kada ka ji kunyar kawo Hausa. Minti biyu na kwatanta ya zo da "came" da "has come" ya fi rabin sa'a na maimaita ƙa'idar da ba a fahimta ba. Na uku, kowane ɗayanmu ya ajiye ɗan littafi, in ya ji jimla mai kyau a rediyo ko ya gani a littafi ya rubuta ta ɗungum, kada ya ɗauki kalma ya bar 'yan rakiyarta. Wanda ya rubuta "interested in" da "afraid of" da "good at" tare, ba zai tsaya yana canke ba ran da ya bukace su. Na huɗu, gyara da hankali. Yaron da aka yi wa dariya gaban 'yan'uwansa saboda ya ce "she go" zai rufe bakinsa, bakin da ke rufe kuwa ba ya koyon harshe. Maimaita masa jimlar daidai, ka sa ya faɗa, ku wuce.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Zubin da yaro ya riƙe yana aji uku shi zai bi shi har furfura, ko mai kyau ko maras kyau, mu ne kuwa masu zubawa. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwa da suka lura da waɗansu wurare inda Hausa da Turanci suka raba hanya, su aiko wa edita domin fitowa ta gaba, mu tara su wuri ɗaya, masu zuwa bayanmu su amfana. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fita haƙƙin yaran da za a ba mu amana, amin.